Zauren Masu Kallon Sama: Andiromeda a Ido, Andiromeda a Hoto

Tambayoyin wannan fitowa kusan duk sun taru a kan abu guda: Andiromeda, gungun taurarin nan mai naɗe kamar gammo, irin wanda masana ke kira galaksi. Lambarta M31 a jerin da Charles Messier ya tsara, kuma haskenta yakan yi tafiyar shekara kusan miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Assalamu alaikum. Na sayi madubin hangen nesa samfurin Dobson, faɗin bakinsa milimita 200, tsawon fokas (tazarar da yake tattara haske) milimita 1200. Na saita shi kan Andiromeda daga tsakar gidanmu, na sa gilashin leƙe na milimita 10 don ta fito da girma, amma abin da na gani bai wuce ɗan ɓurɓushin auduga ba. Ba hannuwan nan masu naɗewa da ake gani a hoto, ba launi. Ko jabu aka sayar mini? (Mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, madubinka lafiya lau yake. Audugar nan da ka gani cibiyar Andiromeda ce, sauran jikinta kuwa kai ka kore shi waje da gilashin da ka zaɓa.

Ga lissafin. Yawan girmamawa shi ne tsawon fokas na madubi a raba da na gilashin leƙe. 1200 a raba 10, ninki 120 ke nan. Gilashin leƙe irin wanda ake haɗowa da madubi yana buɗa kamar digiri 50, in ka raba da 120 abin da ya rage maka na sama bai kai rabin digiri ba, wato ko cikakken wata ba zai shiga duka ba. Ita kuwa Andiromeda tsawonta a sama ya kai digiri 3, wata shida a jere. Tamkar ka manna idonka a cikin giwa ne sannan ka ce ba ka ga haure ba. Cire na 10, sa na 25: ninki 48, fili kamar digiri ɗaya. In kana da na 32 ya fi: ninki 37, fili kusan digiri ɗaya da sulusi. Kada dai ka sauka ƙasa da ninki 29, domin daga nan hasken da ke fitowa ya fi ƙwayar idon mutum faɗi (iyakarta a duhu kamar milimita 7), ragowar sai ya zube a banza.

Batun launi kuma, ka cire rai. A cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Masu rarrabe launi suna son haske mai yawa, in haske ya yi rauni sai su yi barci su bar aikin ga masu gani a duhu, waɗanda ba su san ja ko shuɗi ba. Ido kuma ba ya tara haske. Abin da ya shigo yanzu, yanzu yake wucewa. Hotunan da kake gani a intanet haske ne na awa biyu, biyar, wani lokaci ashirin, da kyamara ta tara wuri guda. Ko ta madubin da ya ninka naka sau uku ka leƙa, toka-toka za ka gani.

Amma toka-tokar ma akwai abin kallo a cikinta, in ka biya sharuɗɗa. Na farko duhu. Tsakar gida a birni, da fitilun sola a kowace katanga, shi ya cinye maka gefunan galaksin, domin haskensu bai kai hasken da gari ke watsawa sama ba. Fita bayan gari inda kake iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama. In ba ka ganinta, wurin bai yi ba. Na biyu wata: duba kalandar Musulunci, daga wajen 22 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo. Na uku idonka: minti 20 zuwa 30 yake buƙata kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Ɗaura jar leda a bakin tocila, jan haske bai cika ɓata sabon ba. Na huɗu, kada ka zuba wa abin ido kai tsaye. Kalli gefensa kaɗan, domin ƙwayoyin gani a duhu sun fi yawa a gefen ido. Ka ɗan ƙwanƙwasa bututun ya motsa, za ka ji kamar hasken ya miƙe. Ka kuma fitar da madubin waje kamar minti 40 kafin ka fara, zafin ɗaki ya fita daga jikin gilashin.

In ka yi haka, nemi abu uku. Akwai ɗan dunƙule mai haske kudu da cibiyar, kamar tauraron da ya kumbura: M32 ce. Akwai wani shafe mai rauni, ɗan dogo, arewa maso yamma: M110. Duka biyun ƙananan galaksi ne da ke kewaya babbar. Sannan a gefen cibiyar da ke fuskantar M110, hasken yana yankewa farat ɗaya kamar an ja layi da gawayi. Wannan zanen ƙura ne da ke tsakanin hannuwanta, kuma shi ne mafi kusa da hannu da madubi irin naka zai nuna. Dalili shi ne Andiromeda a karkace take, kamar faifan da ka riƙe kusan a kwance daidai idonka, shi ya sa naɗin ya matse.

Mai son ganin naɗi sosai sai ya jira M51, wata galaksi da ke fuskantarmu gaba da gaba, tsakanin Maris da Mayu kafin ruwa ya sauka. A jikinta aka fara gane siffar naɗin, a 1845, lokacin da Lord Rosse ya duba ta da madubi mai faɗin inci 72 a ƙasar Ayalan. A naka za ta fito kamar ido biyu, babba da ƙarami, da hazo kewaye da babban. Hannuwan sukan fara bayyana ne daga madubi mai milimita 250 zuwa 300, a duhu na gaske.

Ni malamar kimiyya ce, ina so in nuna wa ɗalibaina Andiromeda, amma ba mu da madubi. A ina za mu duba, kuma yaushe? (Daga Damagaram)

Malama, ba sai da madubi ba. Abdurrahman as-Sufi ya rubuta labarinta a littafinsa na surorin taurari wajen shekarar 964, ya kira ta ɗan ƙaramin girgije, shekaru fiye da 600 kafin a ƙera madubin farko.

Lokacinku mafi kyau daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: damina ta ɗauke, ruwa ya wanke sama, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. A tsakiyar Nuwamba, tsakanin ƙarfe tara da goma na dare, tana kan ƙololuwarta, ta arewa, sama da digiri 60 daga ƙasa. A fara da taurari huɗu masu kusurwa huɗu kamar fegi, kusan a tsakar ka. Kowane gefe ya kai dunƙulen hannu ɗaya da rabi in an miƙa hannu (dunƙule ɗaya digiri 10 ne). Na kusurwar arewa maso gabas shi ne Alferaz, sunan da ya samo asali daga Larabci, cibiyar doki. Daga shi a ci gaba arewa maso gabas, a tsallake tauraro ɗaya mai rauni, a sauka kan Mirak, mai ɗan ja-ja. Daga Mirak a karya zuwa arewa maso yamma: ga wani tauraro matsakaici kamar yatsu uku daga shi. A ƙara tafiya daidai wannan tazarar a kan layi ɗaya, a kalla da gefen ido. Shafen nan mai kama da ƙwayar shinkafa ita ce.

In za a samu aron tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin 10x50, ya fi babban madubi dacewa da ita, domin yana ɗaukar digiri 6 a lokaci guda. A jingina gwiwar hannu a kan katanga. Kuma a sanar da mai unguwa kafin a kwashi yara a fita da dare, a je wurin da aka sani tun da rana.

Ina da kyamarar DSLR mai ƙaramar sensa (farantin da ke ɗaukar hoton), da lens na milimita 135, f/2, da sandar ƙafa uku. Na buɗe kyamarar sakan 30, taurarin duk suka zama zare-zare. Dole sai na sayi injin bin taurari? Ko in haɗa kyamarar da madubin Dobson na abokina? (Daga Kano)

Ɗan'uwa, zaren nan juyawar duniya ce. Sama tana gusawa digiri 15 a kowace awa. A inda Andiromeda take, kamar digiri 11. Da lens ɗinka, tauraro yana ƙetare kusan ɗigon sensa biyu a kowane sakan, to a sakan 30 ya ja layi mai ɗigo 60. Akwai ƙa'idar da ake yawo da ita, wai a raba 500 da tsawon fokas. Tun zamanin fim aka yi ta, ta yi wa kyamarorin yanzu sassauci. Kai dai tsaya a sakan 2, in ka ga taurari sun yi ƙwai-ƙwai ka koma ɗaya da rabi.

Madubin abokinka kuwa ka bar masa abinsa. A fokas 1200, sensarka za ta ɗauki digiri ɗaya da 'yan kai ne kawai, galaksin ba za ta shiga ba. Mazauninsa ba ya bin sama. Sau da yawa ma kyamara ba ta kai wa ga fokas a irin wannan madubi, don bututun saitin ba ya shiga ciki isasshe. Lens ɗinka na 135 yana ɗaukar kamar digiri 10 a tsawo, 6 da rabi a faɗi, ya fi shi dacewa nesa ba kusa ba.

Dabarar ita ce ɗaukar gajerun hotuna masu yawa, a ɗora su kan juna a kwamfuta. Kowane hoto guda cike yake da tsaki-tsaki, galaksin da kyar ake ganinta. Amma tsakin yana canza wuri daga hoto zuwa hoto, ita kuwa tana nan inda take. In an haɗa, ita tana ƙaruwa, shi yana kashe juna. Ribar tana tafiya da tushen murabba'i: hoto 100 sun fi guda tsabta sau 10, hoto 900 sau 30. Wato in kana so ka ninka kyawun hoto, sai ka ninka lokacin sau huɗu.

Sa kyamara a M (saitin hannu), ajiya a RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba), ISO (ƙarfin jin haske) 3200, bakin lens f/2.8. Rage shi daga f/2 yana gyara taurarin kusurwa da kan fito da fukafukai. Kashe fokas mai sarrafa kansa, kashe mai hana girgiza, kashe rage tsaki na cikin kyamara, wanda ke cinye rabin lokacinka. Fokas shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa: alamar nesa mara iyaka (∞) da ke jikin lens ba abin dogaro ba ce. Nufi Mirak, girmama shi sau 10 a allon kyamara, murɗa a hankali har ya zama mafi ƙanƙanta, ka kuma ga ƙananan taurari sun ɓullo kusa da shi. Manna salatif a zoben. Bayan minti 30 sake dubawa, don sanyin dare yana motsa gilashi da ƙarfe.

Kada ka taɓa maɓallin da hannu. Yi amfani da rimot mai ƙidaya. Ajiye galaksin ɗan gabas da tsakiyar allo, ka bar ta ta gangaro, duk minti biyar zuwa bakwai ka dawo da ita. Ka nufi hoto 900, jimillar minti 30 na haske. In kowane RAW megabait 25 ne, gigabait 22 da rabi ke nan, saboda haka zo da kati mai 64 da batir biyu. Kada ka fara sai ta haura digiri 40 daga ƙasa, domin a digiri 30 haskenta yana ratsa iska ninki biyu na abin da yake ratsawa a tsakar ka. Manhajojin Siril da DeepSkyStacker duk kyauta ne, kuma za su jera taurarin su haɗa maka.

Da wannan za ka samu cibiya, doguwar siffar, M32, M110, da alamar zanen ƙura. In ka sayi ƙaramin injin bin taurari daga baya, sai ka koma sakan 60 a ISO 800, hoto 120, awa biyu. Nan ne shuɗin gefuna zai fara fitowa.

Na sayi injin, amma littafinsa ya ce in saita shi da tauraron arewa. A nan ban taɓa ganinsa ba. (Daga Zangon Kumasi)

Matsalar mutanen kusa da tsakiyar duniya ke nan, kuma masu rubuta littattafan nan a Turai ba su cika tunawa da ita ba. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan garinka daga layin ikwaita: Agadas digiri 17, Kano 12, Kumasi bai cika 7 ba. A wannan tsayin, bishiya ɗaya ta isa ta rufe shi, in ma ba bishiya to akwai hazo.

Ka yi ba tare da shi ba. Daidaita ƙafa ukun da ma'aunin ruwa. Karkata sandar da injin ke juyawa a kanta digiri 6.7, wato nisan Kumasi daga ikwaita, ka auna da manhajar auna karkata ta waya a jikin sandar kanta, kada ka dogara da zanen lambobin da ke jikin mazaunin. Nufi arewa da kamfas, nesa da mota da rodi. Daga nan sai gyara da gusawar tauraro. Kunna injin, zaɓi tauraro da ke kan layin da ya raba gabas da yamma, kusa da ikwaitar sama (a wajenka kusan tsakar ka ne, ɗan kudu), girmama shi, ka zuba masa ido minti uku. In ya gusa kudu, sandar ta yi gabas da yawa. In arewa, ta yi yamma. Gyara, ka sake. Sannan zaɓi wani a gabas, kamar digiri 25 daga ƙasa: in ya gusa kudu sandar ta yi ƙasa, in arewa ta yi sama. In ka rikice wajen gane kudu da arewa a allo, murɗa gefe ɗaya kawai. Gusawar ta ƙaru, ka koma ɗaya gefen. Ga lens na 135 ko 200, in tauraro ya zauna minti biyu bai motsa ba, ya wadatar. Mai kwamfuta a fili zai iya amfani da manhajar NINA, tana da hanyar saiti da hotuna uku wadda ba ta buƙatar ganin tauraron arewa.

Wani abin lura ga duk mai shirin sayen babban mazauni a yankinmu: in sandar ta kwanta ƙasa haka, dutsen awon da ke daidaita nauyi yakan bugi ƙafar gaba. Tambayi mafi ƙarancin digirin da mazaunin ke karɓa kafin ka biya kuɗi.

Na haɗa hotunan, amma da na ƙara haske sai ga zobba baƙaƙe, kusurwoyi sun yi duhu, gefe ɗaya ya yi ruwan lemo, tsakiyar galaksin kuma fari fat. (Daga Maraɗi)

Cuta huɗu ce, kowace da maganinta. Zobban nan ƙura ce a kan sensa ko kusa da ita. Duhun kusurwa ɗabi'ar kowane lens ne. Su biyun magani ɗaya ke kashe su: hotunan fari. Da ka gama ɗauka, kafin ka taɓa fokas ko ka cire lens, shimfiɗa farin ƙyallen da bai yamutse ba a baki, ka ɗaure da roba, ka haska shi da farin allon kwamfuta ko ka jira sararin asuba. Bar bakin lens yadda yake, ka daidaita saurin ɗauka har tudun jadawalin haske ya tsaya tsakanin sulusi da rabi. Ɗauki 25. In ka cire lens kafin ka yi, ƙurar ta motsa, manhajar za ta goge zobe inda babu, ta bar na gaske, ka tashi da biyu.

Ka haɗa da hotunan duhu: rufe lens, ISO ɗaya, tsawon lokaci ɗaya, guda 25, a wurin kuma a daren, domin tsakin zafi na sensa yana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 6 ko makamancin haka. Wanda aka ɗauka a ɗaki da rana ba zai dace ba. Sai guda 40 a rufe da mafi saurin da kyamara ke iyawa.

Ruwan lemon hasken gari ne. A Siril akwai wurin cire shimfiɗar baya: kana ɗiga alamomi a sararin da ba komai, ita kuma ta lissafa ta cire. Kada ka ɗiga ko ɗaya a kan galaksin ko dab da ita. Gefunanta sun fi yadda kake zato faɗi, za ta ɗauke su a matsayin datti ta share. Farin tsakiya kuma, duba hoto guda na asali. In a can ma ya ƙone, ɗauki ƙarin guda 30 masu gajeren lokaci (sakan 10 in na asalin sakan 60 ne) ka cike gurbin da su. In bai ƙone ba, hannunka ne ya yi nauyi wajen jan haske. Ja kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma kada ka mayar da sararin baƙi ƙirin, bar shi toka mai duhu.

Tacen gilashin da ake tallatawa na kashe hasken gari zai taimaka? (Daga Kaduna)

Ga galaksi, kaɗan ƙwarai. An yi shi ne don tare launin tsofaffin fitilun titi masu ruwan ɗorawa. Fitilun LED suna fitar da kowane launi, haka ma taurarin galaksi, saboda haka abin da ya tare ɗaya ya tare ɗayan. Kuɗin ya fi amfani a man da zai kai ka bayan gari.

Ƙurar hunturu ta lulluɓe madubina. In goge da ƙyalle? (Daga Sakkwato)

A'a, Alhaji, kada ka kuskura. Ƙurar nan yashi ne mai laushi, fuskar madubin kuma shafen alminiyam ne siriri ƙwarai a saman gilashi. Goge shi a bushe daidai yake da bin sa da sanfefa. Ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda ake tsoro. In ta yi kauri har ba ka ganin fuskarka sosai, ciro madubin daga mazauninsa bayan ka yi alamar yadda yake zaune, hura da famfon roba na masu kyamara, ka jiƙa shi minti goma a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigo biyu na sabulun ruwa. Ja audugar asibiti a kansa yana cikin ruwan, da nauyinta kawai, kowane ja da sabuwar auduga. Ɗauraye da tataccen ruwa irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, ka jingina shi a tsaye ya tsane da kansa. Bayan ka mayar, sai ka sake daidaita madubin biyu, babban da ƙaramin da ke kusa da bakin bututun, su fuskanci juna, in ba haka ba taurari za su fito da wutsiya. Wajen ajiya, rufe bakin bututun da gindinsa duka, domin ta ƙasan ma ƙura take shiga. Hular wanka ta roba tana shiga gindin bututun milimita 200 daidai.